Daga Kogin Kaladan Zuwa Forti-Fo: Tarihin Sojan da Ya Kwanta Jinya



Duk wanda ya zauna a Television ko Kakuri ko Barnawa ya san Kaduna garin soja ne. Kana barin garejin Television ka nufi cikin gari, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da kaki. A Kakuri masana'antar ƙera makamai ta DICON take, wadda aka kafa a 1964, a nan kuma barikin Kalapanzin yake. In ka haye gada ka miƙa har Kawo, ga barikin Dalet. Mun saba da sunayen nan har ba ma tambayar daga ina suka zo. To, Kalapanzin sunan kogi ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Dalet ma wuri ne a can, inda sojojinmu suka gwabza da Japanawa a 1945. Haka barikin Chindit na Zariya, da Dodan da An da Arakan da Tamandu na Legas, da Letmauk na Ibadan, duk daga yaƙin Bama aka kwaso sunayensu aka liƙa a ƙofa.

Akwai wani sunan da ya fito daga wancan zamani amma ba na fagen fama ba ne, wato asibitin sojoji na 44, wanda kowa ke ce wa Forti-Fo, can tsallaken kogi daga wajenmu. Mutumin da ke kwance a irin wannan wuri nake so mu duba yau. Tarihin yaƙi yakan ƙidaya waɗanda suka mutu, ya yabi waɗanda suka ci gari, sai ya tsallake wanda harsashi ya samu bai kashe ba. Alhali kuwa wani lokaci gumurzun da ya kwantar da shi bai fi na minti goma ba, jinyar ta ci shekara, tabon kuma ya raka shi har kabari. Akwai labari mai yawa a nan, kuma mu masu rubutu da Hausa ba mu taɓa shi yadda ya kamata ba.

Inda lambar ta samo asali

Sojan Birtaniya lamba suke bai wa manyan asibitocinsu maimakon suna. Da Faransa ta faɗa hannun Jamus a 1940, maƙwabtanmu irin su Nijar da Dahomey suka koma ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, sai Birtaniya ta ga dole ta faɗaɗa rundunarta ta Afirka ta Yamma. Janar George Giffard aka ɗora wa wannan aiki. Soja mai yawa kuwa ba ya zama babu asibiti. A Accra aka buɗe na 37 a 1941, kuma har gobe da wannan lamba mutanen Gana ke kiransa. Freetown na da 34, Yaba a Legas na da 68, Kaduna kuma 44. Turawa sun tafi, lambobin suka zauna.

Ba abin mamaki ba ne Kaduna ta samu nata, domin soja ne suka fara sauka a garin daga Zungeru tun kafin ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Hausa ce harshen bariki a wancan lokaci. Hafsa Bature sai ya koye ta, sojan da ba Bahaushe ba kuma ya yi ta da irin Hausar da ake kira Barikanci. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana. Wasu da ƙafarsu suka kawo kansu saboda sulen nan ko sha'awar kaki, wasu kuwa hakimai da dagatai ne suka tura su don cika adadin da Bature ya nema.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Jirgin ƙasa ya kwashi mutane zuwa Legas, jirgin ruwa ya zagaya da 'yan runduna ta 81 ta Afirka ta Kudu har Bombay. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wancan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Sauro ya fi harsashi ɓarna

Abu na farko da ya kamata mai son rubuta labarin asibitin yaƙi ya sani shi ne yawancin masu kwanciya a cikinsa ba harbinsu aka yi ba. Janar William Slim, kwamandan runduna ta 14 wadda sojojinmu ke ƙarƙashinta, ya faɗa a littafinsa cewa a 1943, duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda cuta. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, sai atini, sai gyambon ƙafa da ba ya warkewa a damina, sai wani mugun zazzaɓi da ɗan mitsitsin ƙwaron ciyawa ke yaɗawa, wanda ba a samu maganinsa ba sai bayan yaƙin.

Maganin rigakafin zazzaɓin wata ƙwaya ce mai ɗaci, mefakirin, ɗaya kullum. Tana mayar da fatar Bature rawaya, ga kuma jita-jitar da ta bazu cewa tana kashe wa namiji ƙarfi, don haka soja da yawa suka riƙa tofar da ita. Slim ya sa aka riƙa yi wa bataliyoyi gwajin ba-zata, duk wadda aka samu mutanenta ba sa sha, kwamandanta ya sauka. Ya ce mutum uku kawai ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu. Daga nan shan magani ya zama fareti: a jeru, saje ya bi layi, kowa ya haɗiye a gabansa.

Wanda aka harba kuwa, hanya ce mai zango-zango a gabansa. Kowane soja na ɗauke da ƙunshin bandeji a aljihun kakinsa, da shi za a fara ɗaure raunin. Abokai ko masu ɗaukar majinyata su kai shi wurin likitan bataliya, a yi masa allurar mofin, a rubuta alama a goshinsa don kada wani ya ƙara masa, a rataya masa kati mai bayanin rauninsa. Daga nan sai tashar tantance masu rauni, inda ake tiyatar gaggawa, sannan babban asibiti can baya. A kwarin Kaladan, inda runduna ta 81 ta shiga a farkon 1944, babu titin kirki. Ta sama ake jefo musu abinci, kayansu kuma a ka ake ɗauka. Saboda haka sukan share gonar shinkafa su yi ɗan filin sauka, ƙaramin jirgi mai ɗaukar majinyaci ɗaya ya zo ya fita da shi. Wanda ya samu jirgin nan, cikin sa'o'i yana hannun likita. Wanda bai samu ba, sai yadda hali ya yi.

Wanda asibitinsa ya zama bukka

Cikin 'yan Najeriya da suka ji rauni a Bama, wanda ya bar mana labarinsa dalla-dalla da hannunsa shi ne Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, a jihar Ondo ta yanzu. Yana da shekara 16 ya shiga soja a 1942, aka koya masa aikin kula da majinyata, aka tura shi tashar tantance masu rauni ta 29. Wato shi kansa ma'aikacin asibiti ne.

Da safiyar 2 ga Maris 1944, ayarinsu ya yada zango a bakin kogin Kaladan, sai Japanawa suka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙafar dama. Wani likita Bature, Kyaftin Richard Brown, ya lallaɓo ya duba shi, daga baya Japanawa suka tafi da likitan, ba a sake ganinsa ba. Fadoyebo kuwa da suka ga halin da yake ciki sai suka bar shi, a ganinsu ba zai kai ko'ina ba. Shi da wani saje ɗan Saliyo, David Kargbo, wanda shi ma aka harba, suka rage a daji babu mai iya tafiya.

Mutanen ƙauyen Musulmi ne, daga al'ummar da yau duniya ta sani da Rohingya. Su suka riƙa kawo musu 'yar shinkafa da ruwa a ɓoye. Sojojin biyu, ko da yake Kiristoci ne, sun nuna musu cewa su ma Musulmi ne don neman tsira. Daga ƙarshe wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, ya san sarai in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun shiga uku. Wata tara Fadoyebo ya yi babu likita, babu allura, ƙashin ya haɗe da kansa a karkace. Sai a Disambar 1944, da sojojin ƙawance suka dawo kwarin, aka same su aka fitar da su zuwa asibiti a Indiya, inda aka yi masa tiyata. Da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Yini guda a ɗakin jinya

Manyan asibitocin da ke karɓar masu rauni daga wannan fage suna garuruwa irin su Chittagong da Comilla da Dhaka, waɗanda a lokacin Indiya ne, yanzu kuma Bangaladash. Tsarin asibitin sojan Birtaniya kusan iri ɗaya ne ko'ina, don haka muna iya kwatanta yadda yini ke tafiya.

Majinyaci soja ne har yanzu, doka ba ta sauka daga kansa don ya kwanta ba. Tun da asuba ake tashinsa, a ɗage gidan sauro, a auna zafin jiki da bugun jini a rubuta a takardar da ke rataye a ƙarshen gado. Masu iya tashi su yi shara, su taya raba shayi, su kai wa na kwance tasa. A ja zanen gado ya miƙe sumul kafin zagayen likita. In babban likita ya shigo, mai iya tsayuwa ya ƙame a gefen gadonsa, wanda ba ya iyawa ya miƙe sambal a kwance. Sistocin Turawa ne ke riƙe da ɗakuna, amma wanka da juya majinyaci da kwashe bayan gida da zaman dare, yawanci aikin samari ne irin su Fadoyebo. Su ne kuma tafintoci, domin Bahaushe ko Batibi ko Babarbare ba shi da hanyar gaya wa likita inda ke masa ciwo sai ta bakinsu. Ɗakin Turawa daban, na baƙar fata daban, kamar yadda albashi da abinci suke daban.

Lokacin da kowa ke tsoro shi ne na wankin rauni. Likitocin wancan yaƙi sun koyi darasi daga na farko da kuma yaƙin basasar Sifen: raunin harsashi ba a ɗinke shi nan take. Sai a yanke duk naman da ya mutu, a barbaɗa hodar salfa, a bar shi a buɗe, in ya yi kwanaki bai ruɓe ba sannan a rufe. In da karaya, sau da yawa akan naɗe gaɓar duka da siminti a bar ta makonni, raunin yana tsatsafowa a ciki. Warin da ke fita daga irin wannan siminti a zafin Bengal, duk wanda ya yi aiki a ɗakin ba ya manta shi. Mai karayar cinya kuwa a kan ƙarfe ake ɗora ƙafarsa, a ɗaura igiya da nauyi tana jan ta, ya yi watanni a rigingine yana kallon rufi. Daga 1944 fanisilin ya fara isowa da ɗan yawa, ya ceci ƙafafu da hannaye da a da sai dai a yanke. Amma allurarsa duk bayan awa uku ce, dare da rana, har mazaunai su rasa wurin sokawa.

Tsakanin wannan da wancan, sai dogon jira. A nan ne rayuwar ɗakin take. Wanda ya tashi da tuwon dawa ga shi a ƙasar da shinkafa ce safe da yamma. Wanda ba ya iya taɓa ruwa sai ya yi taimama, ko ya shafa a kan bandeji, ya yi sallarsa a zaune ko a kishingiɗe, abin da ya karanta a Ahalari yana yaro bai taɓa zaton zai buƙace shi da wuri haka ba. Wanda aka yanke wa ƙafa ya farka tsakar dare yana jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi, abin da likitoci suka daɗe da sani kuma ba hauka ba ne. Soja na da malaman koyar da karatu, mutane da yawa a cikin kaki suka fara haɗa baƙi. Wanda bai iya ba sai ya nemi mai rubuta masa wasiƙa, ya faɗi sirrinsa a gaban wani, sannan hafsa mai tace wasiƙu ya karanta kafin ta tafi. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: yaya mutum zai gaya wa matarsa ta bakin wani cewa da ƙafa ɗaya zai dawo?

Labarin gida yana zuwa jefi-jefi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ita ce ke kai wa mutanen Arewa labarin yaƙin da Hausa. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma ya taka har Indiya da Bama ya gano sojojin. Ga wanda ya yi shekara biyu bai ga rawani ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kowa ke fita ta ƙofar da ya shigo ba. Maƙabartar yaƙi ta Maynamati da ke Comilla, yawancin waɗanda ke cikinta daga asibitocin yankin aka kai su, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a jere a wurin, haka ma a ta Chittagong. Sunayensu da lambobinsu na nan a kan duwatsu. Mai yiwuwa wani a cikinmu yana da kaka a can, gida kuwa abin da aka sani kawai shi ne ya tafi Bama bai dawo ba.

Ranar da kwamiti ya zauna

Ƙarshen jinya shi ne zaman kwamitin likitoci. Su za su duba mutum su yanke: ya koma fagen fama, ko a ba shi aiki mara nauyi, ko a sallame shi. In sallama ce, sai su ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi, a kan wannan lissafi ake yanka masa fansho. Minti kaɗan ne zaman, amma shi ke yanke yadda sauran rayuwar mutum za ta kasance, kuma da Turanci ake yin sa.

A gida Najeriya, wurin da aka tanada a Igbobi ta Legas don farfaɗo da sojoji shi ne ya zama asibitin ƙashi a 1945, yana nan har yau. A shekarar ce kuma gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatu ɗaukar tsofaffin sojoji aiki. Wanda ya iya karatu ko tuƙi ko aikin asibiti ya samu abin yi. Fadoyebo ya samu aiki a ma'aikatar ƙwadago a Legas. Amma manomi da ya koma ƙauye da hannu ɗaya, dokar ba ta riƙe masa fartanya ba. Shi Fadoyebo da ya isa garinsu, an riga an fitar da rai da shi, har sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar mutum ne ba fatalwa ba.

Akwai kuma raunin da kwamiti ba ya iya aunawa. Marigayi Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967, ɗan tsohon sojan Bama ne, kuma ya sha faɗin yadda yaƙin ya taɓa mahaifinsa a ƙwaƙwalwa. Daga labaran da ya ji a gida ya rubuta Burma Boy a 2007, wanda jaruminsa yaro ne mai jin Hausa, Ali Banana. Ɗan jiharmu ne, labarin mutanenmu ne, amma da Turanci ya fito.

Yaƙin basasa da na yau

Daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970 aka sake cika gadaje, wannan karon 'yan ƙasa ɗaya ne ke harbin juna. Sojan Najeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000, samari da yawa horon 'yan makonni kawai suka samu. Kaduna ce gidan runduna ta ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ya jagoranta ta bi ta Nsukka ta kama Enugu a Oktoban 1967. A ɗaya ɓangaren kuma asibitocin Biyafara sun yi aiki cikin ƙarancin magani da yunwa da ruwan bama-bamai, wanda duk mai rubutu da adalci ba zai tsallake ba.

Raunin da kowa ya sani daga wannan yaƙi shi ne na Ibrahim Babangida, wanda aka harba a ƙirji a wajen Uzuakoli a 1969, aka kai shi Legas jinya, ya auri Maryam a watan Satumba na shekarar, ya kuma ci gaba da rayuwa da ɓarɓashin ƙarfen a jikinsa. Mun san wannan ne saboda ya zama shugaban ƙasa, kuma ya fitar da littafin tarihinsa a 2025. Farabitin da aka harba rana ɗaya da shi fa? Mawaƙanmu na baka da na rubutu sun yi waƙoƙi da yawa a lokacin, har Graham Furniss ya yi nazari a kansu a 1991, sai dai galibinsu na zuga ne da yabon mazaje da kiran haɗin kan ƙasa. Hakan ya dace da lokacinsu. Amma mai zuga yana rakiya ne zuwa bakin daga, ba ya bin motar asibiti in ta juyo.

Yau ma gadajen ba su huta ba. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, sojan da ya ji mummunan rauni a Arewa maso Gabas yakan fara da asibitin soja na Maiduguri, in abin ya yi tsanani a kawo shi Forti-Fo. Raunin ya sauya kama, yanzu nakiyar da ake binnewa a hanya ce ke cin ƙafafu. Ranar 10 ga Mayu 2024 Yarima Harry na Ingila ya zo Kaduna ya zaga ɗakunan asibitin ya gaisa da masu jinya, saboda gasar Invictus da ya kafa don sojojin da suka nakasa. A gasar 2023 a Jamus, wadda Najeriya ta fara halarta, Peacemaker Azuegbulam, sojan da ya rasa ƙafa a Arewa maso Gabas, ya ci zinare a ɗaga nauyi. Kwana biyu aka yi ana maganarsu a kafafen labarai. Da baƙon ya tafi, su suna nan a kan gadajensu, suna jiran a gwada musu ƙafar roba, suna jiran zaman kwamiti, kamar kakanninsu a Comilla.

Abin da ya rage gare mu

Ku lura da yadda labarin Fadoyebo ya tsira. Shekaru da yawa bayan yaƙin ya zauna ya buga shi da tafireta. Masanin tarihi David Killingray ya shirya shi aka buga a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya ci karo da rubutun a gidan tarihin yaƙi na Landan, ya nemo tsohon a Legas, ya tafi har Bama a 2011 ya gano 'ya'yan Shuyiman ya miƙa musu wasiƙar godiyarsa. Fadoyebo ya rasu a 2012. Da bai rubuta ba, da babu wanda zai san sunan manomin nan. Dubban Hausawa da sauran 'yan Arewa sun kwanta a asibitocin da ya kwanta, kowannensu da nasa labarin, yawanci kuwa an binne su da shi.

'Yan Bama kusan duk sun tafi. Amma wanda ya shiga yaƙin basasa yana da shekara 18, yau ya haura 75, kuma suna nan a Television da Sabon Tasha da Kakuri da Tudun Wada, Musulmi da Kirista, wasu da sanda, wasu da hannun riga a naɗe. Ba sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, za mu tuna da su ba. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida ko a unguwa, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini ya zauna.

In kun zauna, kada ku fara da tambayar mutum nawa ya kashe. Ku tambaye shi wa ya ɗauke shi da aka harbe shi, kuma a kan me. Wa ke gadon da ke kusa da nasa, wane yare yake ji, ya rayu ko bai rayu ba. Me ake ba su da safe. Wa ya fara zuwa duba shi daga gida, me ya ce da ya gan shi. Ranar da ya fara taka ƙasa, taku nawa ya yi. Me aka rubuta a takardar sallamarsa, kuma ko tana nan. Ku tambayi matarsa ma, domin in asibiti ya sallami mutum, ita ce ke karɓar jinyar, ita ta san abin da yake faɗa cikin barci. In ya yi shiru a wani wuri, ku bar shi, kada ku matsa. In ya ce a sakaya sunansa, ku sakaya. In kun gama rubutawa, ku koma ku karanta masa kafin kowa ya gani.

Wajen rubutun kuma ku guji mayar da shi abin tausayi kawai, ku guji mayar da shi gwarzon da ba ya kuka. Mutum ne da ya ji tsoro, ya yi faɗa da na kusa da shi a kan taba, ya yi dariya ranar da bai kamata ba, ya ƙirga ranaku. Hausawa sun ce jiki magayi. Nasa ya riga ya gaya masa, saura mu saurara mu rubuta tun yana da bakin faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.